Baitocin da Baba Ya Rubuta a Bayan Katin Asibiti

Babanmu kafinta ne. Shekara hamsin da 'yan kai ya yi a shago ɗaya mai warin fenti da garin katako. In ka gaishe shi, sai ya gama buga ƙusar da ke hannunsa kafin ya amsa. Ko waƙar rediyo ba mu taɓa jin ya bi ba.

Yana da shekara tamanin da ɗaya hawan jini ya kayar da shi, hannun hagu ya shanye. Bayan an sallamo shi, ina gyara masa shimfiɗa na tsinci katin asibitinsa a ƙarƙashin matashi. A bayan katin ya yi rubutu da fensirinsa na awo:

Kai mai ƙwanƙwasa, dakata a waje,
Ƙafa uku na haɗa, saura ɗaya.
Ko ka karya sakata ba zan taso ba,
Sai na ga kujerar nan ta tsaya.

Ni malamar adabi ce a sakandare, nazarin waƙa shi ne abincina. Nan take na yanke hukunci: mai ƙwanƙwasa mutuwa ce, kujera kuwa rayuwarsa. Na karanta wa Inna da Baffa, ƙanin Baba, na yi musu bayani dalla-dalla.

Inna ta taɓe baki. "In mutuwa ce ai da ke zai ce, ba kai ba. Da mai wankin bakin layi yake. Tun kafin ciwon nan yake mana zarya a kan kujerar da ya ba shi aikinta."

Na ce to ajali ne, shi ai namiji ne. Sai Baffa ya tsorata.

"Wa yake ce wa ajali ya dakata? Ki ɓoye katin nan, kada a ce Yaya yana jayayya da ikon Allah."

Da musu ya ƙi ƙarewa, muka ɗunguma ɗakinsa. Ya sa tabarau, ya daɗe yana duba katin kamar wasiƙar wani.

"Da na fara, da mai wanki nake," in ji shi. "Amma da na zo layi na uku sai na ji ba shi ne a ƙofar ba. Mai wanki ba ya karya sakata."

"To wane ne, Baba?"

"Ke kika yi karatun. Ni dai na san ban ji tsoronsa ba, haushinsa na ji."

Kashegari ya kafe sai an kai shi shago. Likita ya hana, Baffa ya yi lallashi, bai ji ba. Ni na riƙa danne masa katako da gwiwa yana kankare shi da randar kafinta da hannu ɗaya, yana min faɗa wai ban iya riƙo ba. Haka ya ci gaba da fita har shekara biyu, sannan ya rasu wata safiya yana ɗaure takalmi.

Bana na ba ɗalibaina baitocin a jarrabawa, ban ce na wane ne ba. Wasu suka ce tsufa ne a ƙofar, wasu ciwo, wata ta ce 'ya'yansa ne masu son ya huta. Takardarta na fi daɗewa a kai, har yau ban sa mata maki ba.