Mai Gishiri da Ɗanta na Teku

Andarawus, wanda bai daɗe da dawowa daga karatu ba, yana jiran motar Mashegu sai idonsa ya faɗa kan wata dattijuwa mai gishiri. Siririya ce, tafin hannunta duk ya tsattsage. Wani dogon saurayi na tsugune a gabanta da jakar tafiya. Ɗanta ne, izinin komawa aikin haƙar mai a teku yake nema.

Saurayin ya cusa dunƙulen hannu ƙarƙashin tabarmarta, ta yi tozo.

"Haka gishiri ke kumburowa ƙarƙashin teku, Inna, in duwatsu suka danne shi. Mai da gas ba sa ratsa shi, sai su taru a gefensa."

"Gishiri a teku, bai narke ba? Dogo, ka mai da ni yarinya!"

Andarawus na zaton ko rafi ba ta bar ɗan nata ya tsallaka ba yana yaro.

Can uwar ta ƙulle gishiri a leda, ta tura a jakar ɗanta.

"Je ka. Nasu ya sha mai, kada ka sa a miya."