Tikitin Baffa

Jiya ɗana ya bi da ni ta hanyar tashar jiragen ruwa, sai wani jirgi ya yi kuka, irin kukan nan mai kauri da ake ji har cikin ƙirji. Na ce ya rage gudu. Shi a zatonsa ciwon ƙafata ne ya motsa, bai san kakana na tuna ba.

Kakana na wajen uba shi ne mai haɗa wa mutane jirgi a unguwarmu ta Nuzla, nan Jidda. A wancan zamani, in an gama aikin Hajji, zafi ya sauko har bango na gumi, wasu daga cikin mutanenmu sukan yi shirin ƙetare teku zuwa Sudan, inda ake raba wa baƙi gonakin auduga. Larabcinsu bai kai na ofis ba. Kaka ne yake zuwa wurin wakilin jirgi mai hayaƙi ya nemo musu wuri, ya dawo da tikiti cike da aljihun jallabiya. Tsakar gidanmu kuwa sai ta cika da akwatunan ƙarfe da warin daddawar guzuri. Ina 'yar shekara tara, nakan tsokane shi in ce, "Tsoho, yaushe za ka haɗa wa kanka jirgi mu huta?" Sai ya ce sai ranar da na iya tuwo.

Ka san yadda yake aikinsa? Ba ya ƙirga kawuna, tukunya yake tambaya. "Su wa ke cin tukunyarku?" Duk masu cin tukunya ɗaya, jirgi ɗaya za su hau. Ya san jirgi na gaba yakan yi watanni bai zo ba, kuma wanda ya bi baya sau da yawa yakan tarar an tura mutanensa wani ƙauye da bai san sunansa ba.

A shekarar da nake ba ka labari, maƙwabcinmu maɗinki zai tafi da iyalinsa. A gidansa akwai wata tsohuwa da kowa ke kira Iya. Ba su haɗa jini ba. Da ƙafa ta zo Hajji, mijinta ya rasu a hanya, suka riƙe ta, ita ta goya duk 'ya'yansu. Wakili ya duba takarda ya ce babu sunanta a cikin iyalin, jirgi kuma ya cika, ta jira na gaba.

Iya ta zo gidanmu ta zauna kusa da randa. Ba ta yi kuka ba. Cewa kawai ta yi, "Su tafi, Malam, ni zan jira." Ta ɗebi ruwa a randar, amma ba ta sha ba.

Baffana, autan Kaka, yana da tikiti a wannan jirgin. Saurayi ne, shekara guda ba shi da zance sai gona, har fartanya ya saya ya ɗaure a jikin akwati. Bayan la'asar Kaka ya kira shi.

"Kawo tikitinka."

"Baba, rabon gona fa ba ya jiran kowa."

"Na sani. Kai tukunyarka tana nan gidan. Tata ce za ta hau jirgi."

Washegari Kaka ya zauna a ƙofar wakili tun hantsi, cikin ranar nan ta Jidda, har azahar. Wakili ya gaji ya ce, "Yalla, ya shaikh," ya canja suna. Iya ta hau jirgi riƙe da hannun jikan goyonta. Kafin jirgi na gaba ya zo an gama rabon gonaki. Baffa ya kama aikin kafinta, kuma tsakaninsa da Kaka sai gaisuwa.

Ba a ɗebi audugar farko ba wasiƙa ta zo cewa Iya ta rasu. Baffa ne ya karanta, cike da takaici.

"Wata biyar, Baba! Don wata biyar na rasa gona!"

Kaka ya ce, "A hannun wa ta cika?"

Baffa ya sake duba takardar. "A hannun matar gidan. Yaran duk suna wurin."

"To, halas, shi ke nan."

Wallahi har yau in na tuna wannan magana sai in ji kaina ya ɗaga. Ni jikar mutumin nan ce.

Yanzu jikokina a waya suke yankar tikitin jirgin sama, kowa da kujerarsa, kowa da iƙamarsa ta izinin zama, ba mai tambayar wa kake ci da shi. Baffa ya tsufa a unguwar Kurayyat, ba shi da ko taku ɗaya na gona a duniya. Amma duk baƙon da ya zauna kusa da shi sai ya sha wannan labari, kuma bai taɓa cewa an karɓe masa tikiti ba. Yakan bugi ƙirji ya ce, "Ni na ba ta." Mukan dubi juna. Mun bar masa.