Baba Dakata, mai jiran kare ya yarda

Tun kafin likita ta iso, Baba Dakata ya riga ya buɗe asibitin dabbobin da ke bayan layinmu. Zai share ɗakin jira, ya raba kujeru gida biyu, masu karnuka nan, masu kyanwa can, don kada a yi kallon-kallo. Zai shimfiɗa tabarmar roba a kan teburin ƙarfe, domin santsi yana firgita dabba. Sannan ya zauna ya yayyanka dafaffiyar hanta ƙanana kamar ƙwayar wake, ya zuba a 'yar jakar da ke ƙugunsa. Shi ba likita ba ne, aikinsa riƙe dabba idan za a duba ta. Sunan kuwa daga bakinsa ya fito: duk wanda ya kai hannu zai danne kare sai ya ji, "Dakata." Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, shi ya sa na ce bari in faɗi abin da idona ya gani.

Da farko ban yarda da shi ba, kuma ba ni kaɗai ba.

Maigidana ya rasu ya bar mini Duna, tsohon baƙin karen da ke raka shi shagonsa na kafinta. Ba a jima ba kunnen Duna ya kamu, yana wari, yana kaɗa kai har ya bugi bango. Likita ta ba da ƙwayoyin da za a sa a nama, ta ce amma sai an riƙa ɗiga magani a kunnen, in ba haka ba ciwon zai shige ciki. To, hannu ɗaya Duna ya yarda da shi, mai hannun kuwa ya tafi. Ƙanin mijina ya danne shi da gwiwa zai ɗiga masa, Duna ya kafa masa haƙori a dantse.

"Matar Yaya, kare mai cizo ba zai zauna a gidan da yara ke shiga ba," in ji shi yana naɗe hannu. "Ranar da na dawo daga tafiya, in bai fara karɓar magani ba, zan kai shi a yi masa allurar da ba a tashi."

Sai likita ta turo mini Baba Dakata. Ya shigo, ko kallon karen bai yi ba. Ya zauna a ƙasa a kaikaice, yana wurga hanta nesa da shi. Washegari ma haka. Maƙwabciyata da ke leƙe ta katanga ta ce, "Ke, maganin barci yake sakawa a naman nan. Haka ya yi wa kyanwar tela, ta miƙa ƙafa ana yanke mata farce kamar amarya." Ƙanin mijina kuma ya bugo waya: "Tsoho yana sintiri a gidan da ba namiji, wai kare yake koyarwa? Jarrabawa karen zai zauna?"

Maganar ta zauna mini. Na dafa tawa hantar na miƙa masa, na ce da wannan za a yi. Ya karɓa, ya ciro guda daga jakarsa ya jefa a baki.

"'Yata, in kin ga barci ya kwashe ni, ki taimaka ki lulluɓe ni."

Aikinsa ga shi: ya ninke tawul a kan 'yar kujera. Duk lokacin da Duna ya ɗora haɓa a kai, sai hanta. Daga nan ya fara taɓa gefen kunnen, sai hanta. Ya nuna masa kwalbar a fili ya sunsuna, bai taɓa ɓoye ta a baya ba. Da zarar Duna ya ɗaga kai, sai Baba ya janye hannayensa ya ɗora a gwiwa.

"Ɗaga kan nan ita ce a'arsa," ya ce. "In ana jin ta, ba ya bukatar haƙori."

Na ce a raina, yanzu kare ne zai ba mu izini? Kwana na tafiya, dawowar ƙanin mijina na matsowa. Wata safiya ina ni kaɗai, Duna ya ɗora haɓa, na kama kunnen, ya ɗaga kai, ni kuwa na yi wuf na matse kwalbar. Bai cije ni ba. Tashi ya yi ya shige ƙarƙashin bencin marigayi, bai sake kusantar tawul ɗin ba.

Baba ya zo, ya dubi karen, ya dube ni. "Ya ce a'a, kika ɗiga?" Bai yi faɗa ba. "Kawo wani ƙyalle, mu sake wuri. Wancan ya zama na ƙarya a wurinsa." Muka koma baranda da tsohon matashin kai, muka faro daga tushe, wannan karon hannuna ne ke aikin, shi yana gefe.

Ƙanin mijina ya dawo, ya shigo da igiya a hannu. Ya ce tsohon ya fita waje, mu ga ko asiri ne. Baba ya fita ba musu. Na durƙusa, na nuna wa Duna kwalba. Ya ɗora haɓa. Ina kama kunnen, ya ɗaga kai.

"Kin gani ko!" in ji ƙanin mijina, ya fara warware igiya.

Na janye hannayena, na ɗora su a gwiwa. Duna ya dube shi, ya dube ni, ya sauke numfashi, ya mayar da haɓarsa. Na ɗiga, na murza gindin kunnen, na ba shi hanta.

Ƙanin mijina ya ce, "Ni ya cije ni, ke kuma ya ba ki izini." Ya naɗe igiyar. "Dama ta shanya na kawo miki."

Baba, kai ne aka zarga da magani, aka zarga da asiri, aka zarga da abin da ya fi haka muni, ba ka taɓa tsayawa wanke kanka ba. Kai ne ka koya wa karen maigadin makaranta sa baki cikin takunkumi da kansa, maigadin ne ya ba ni labari. Mai sanyin hannu, ban san wanda zai riƙe jakar nan bayanka ba.

Ku masu dabbobi, ku je ku same shi kafin wata ya ƙare, ku zauna a ƙasa ku kalli yadda yake yi. Ku daina danniya da gwiwa, ku koyi janye hannu.

Kunnen Duna ya bushe. Yanzu yana jin ƙarar babur tun daga bakin layi, ya tashi ya je ƙofa ya duba, ya ga ba maigidana ba ne, ya dawo ya kwanta a ƙafata. Na gode, Baba. Allah ya ba ka hutu mai daɗi.