Tsuntsun da Kawu Ya Kawo Daga Kurmi

Wata ranar kasuwa a farkon damina, shekarar da aka fara ɗora mini tallar kunu, motar goro ta sauke Kawu Ɗanlami, ƙanen Innata, a bakin unguwarmu ta Hausari. Bayan an shigar da huhunan goro sai ya miƙo mini wani keji na tukurwa. A ciki akwai tsuntsu da bai kai kurciya ba, baƙi wuluk, goshinsa ja zur, bayansa duk ɗigon rawaya, bakinsa kakkaura da 'yan gasu a gindi. "Kula da shi, Hajara," in ji Kawu. "Na Baturen Di'o ne, idan ya dawo daga rangadi."

Tsuntsun nan bai san zama ba. Ya yi nan, ya yi can, ya sari keji. Na zuba masa gero da tsaki, ko kallo bai yi ba. Ni ma sai zama ya gagare ni. Ina cikin surfe in ajiye taɓarya in leƙa shi, ƙawayena su kira ni wasan carafke in tashi a tsakiya. Da na ga ya fara lumshe ido, na ɗauke shi sai unguwar Bolewa, wurin Baba Gimba mai sassaƙa turmi, wanda ya san daji. Ya dube shi ya ce, "'Yata, wannan ba mai cin hatsi ba ne. Yana da dangi a dajinmu. 'Ya'yan itace suke ci, kuma busasshen reshe suke fafewa su yi ƙwai a ciki." Tun daga ranar nake hawa ɓauren bayan gidanmu, zane a ɗaure, in cika gefensa da nunannu. Ya riƙa haɗiya yana goge baki, har ya fara wani kuka mai gurnani, ya tsaya kamar yana jiran amsa.

Sai na ji kukun Bature yana gaya wa Kawu a zaure cewa maigidansa feɗe tsuntsaye yake yi, ya cusa musu auduga ya jera a akwati. Na roƙi Kawu har da kuka, ya ce ya riga ya yi alkawari. Ran nan na tarar saran da yake yi ya huda kusurwar kejin, na ruga na gaya wa Inna. Ba ta ko ɗago daga tankaɗe ba. "Ni ban ga komai ba," ta ce. "Je ki ɗebo ruwa."

Kafin in dawo daga rijiya ya fice. Kawu ya yi ta faɗa, Inna ta tura masa kejin da ƙafa ta ce, "Ga kayanka, ba abin da ya same shi sai 'yar ƙofa."

Tsuntsun ya ƙare daminar a kan ɓauren, yana kira ba mai amsawa. Da kaka ta yi, 'ya'yan suka ƙare, muka daina jin sa.

Yanzu wurin ɓauren shagunan kayan mota ne, jikokina kuma a waya suke ganin tsuntsaye. Nakan ba su labarin su tambaye ni ƙarshensa. Har yau ban sani ba ko ya kai gida.