Malama Adawiyya, Wadda Ta Kai Aji Bakin Ƙofa

Da sanyin safiya Malama Adawiyya take fitowa daga unguwar Bololo, inda kakanninta suka kafa rumfar kasuwanci tun zamanin Faransawa. Ba ta hawa babur. Tafiya take a ƙasa, jaka a hammata, tana gaisawa da masu shayi da Larabci, da tsofaffin unguwa da Hausa, har ta iso makarantarmu ta sakandare. A ƙarshen wannan shekara za ta ajiye alli. Ni Rufa'i, malamin lissafi, bango ɗaya ne ya raba ajina da nata shekara da shekaru, kuma ba zan ɓoye ba: ina kishinta. Idan aka buga ƙararrawa, yarana sukan fita kamar an buɗe wa awaki garke. Nata kuwa sai ta kore su.

Darasinta shi ne tarbiyyar zaman tare: abin da Musulunci da Kiristanci suka ce game da adalci, da haƙƙin talaka, da maƙwabci. Tana da ƙa'ida guda. A ajinta ba wanda yake bayanin addininsa. Musulmi ne zai je ya tambayi ɗan ajinsu Kirista, ya dawo ya faɗa a gaban kowa, haka Kirista ma zai tambayi Musulmi. Kuma mai bayani ba zai zauna ba sai wanda ya tambaya ya ce, "Haka muke faɗa." Na sha jin yaro ta bango yana maimaita magana sau da yawa kafin a sallame shi. Ni da nake koyar da abin da amsarsa ɗaya ce, ban taɓa samun irin wannan sauraro ba.

Shekarar da ruwa ya cinye unguwar Toukra da ke ƙetaren kogi, akwai wata yarinya Kirista a ajin ƙarshe, sunanta Remaji. Gidansu da ke can ya rushe, suna zaune a tanti. Kafin ta ratso ruwa a kwalekwale ta samu mota, an rufe ƙofar makaranta. Dokarmu kuwa, wanda aka rufe a waje an ɗauka bai zo ba, wanda rashin zuwansa ya yi yawa kuma ba za a tura sunansa jarrabawar bak ba, wadda da ita ake shiga jami'a. Darakta, shugaban makarantar, ya kira ta ya ce sau ɗaya ya rage mata.

Washegari darasin Malama ne na farko. Wanda zai yi bayani Junaid ne, ɗan wani ɗan kasuwa da bai daɗe da zuwa daga Kano ba, kuma Remaji ce ya tambaya. Ya miƙe ya gyara murya.

"Dakata," in ji Malama. "Wa zai ce maka haka muke faɗa?"

"Remaji ce, Madam."

"Tana ina?"

"Tana waje. An rufe."

"To ba a maganar mutum a bayan idonsa. Kowa ya ɗauki littafinsa."

Ta taga na gan su sun ratsa fili a jere. Mai gadi, Baba Salmanu, ya ce an hana shi barin kowa ya shigo. Malama ta ce, "Baba, an hana ka barin mutum ya fita?" Ya sosa ƙeya, ya zare sakata. Suka zauna a gindin dalbejiyar da ke bakin titi, Remaji a tsakiyarsu, zanenta jiƙe har gwiwa.

Junaid ya ce, "Madam, ga mutane suna kallonmu fa."

"Ɗan Kano yana tsoron jama'a? A kasuwa wa yake jin kunyarka? Fara."

Ya bayyana cewa a wurin Kiristoci, wanda ya ciyar da mai yunwa ko ya karɓi baƙo, Ubangiji yana ɗaukarsa kamar Shi aka yi wa. Remaji ta ce ya tsallake batun duba mara lafiya. Ya sake daga farko, sannan ta sallame shi. Ana cikin haka Darakta ya fito.

"Madam, wannan fa?"

"Darasi ne, ranka ya daɗe. Ka duba da kyau, yau ba wanda bai zo ba."

Ya dubi Remaji, ya dubi Malama. Ya ce wannan wasa da doka ne, kuma zai iya kai ƙararta sama. Ta ce, "Ka kai, ba zan musa ba. Amma yanzu muna kan haƙƙin maƙwabci, ga wuri in za ka zauna." Bai zauna ba, bai kuma kore su ba.

Saura matsala ɗaya: ba kullum darasinta ne na farko ba. Sai ta bi mu malamai ɗaya bayan ɗaya tana roƙon musanyar lokacin darasi. Na ba ta safiyata, na karɓi tsakar ranarta, lokacin da zafi ke sa yara gyangyaɗi a kan lissafi. Haka ta riƙa koyarwa a bakin titi, cikin ƙarar babura, har ruwa ya janye. Safiyata ce fa. Amma har yau in ana ba da labarin, ba a ambatona, kuma na yarda gaskiyarsu ce, domin ni safiya kawai na bayar. Dabarar da ƙarfin halin nata ne.

Ke ce, Adawiyya, kika nuna mana cewa ana iya tsaya wa yaro ba tare da ɗaga murya ba. Inuwar bakin hanya, wadda ba ta tambayar matafiyi daga ina ya fito. Yaran da suka bi ta hannunki sun san addinin juna daga bakin juna, ba daga jita-jita ba. Ina kishin wannan, kuma ba na fatan in warke, domin shi ne yake tashe ni in gyara aikina.

An tura sunan Remaji. Ta zauna bak, ba ta haye a zagaye na farko ba, ta haye a na biyu. A shekarar da ta biyo baya Darakta da kansa ya ce a riƙa barin ƙaramar ƙofa a buɗe ga yaran ƙetaren kogi.

Mun gode, Malama. Allah ya ba ki hutu mai albarka da lafiya mai ɗorewa. Mu kuma da muka rage, matasa da tsofaffi, kafin mu rubuta cewa yaro bai zo ba, mu taka mu leƙa waje.