Rubutun Bayan Ambulan: Ta'aziyyar Yayana Malam Attahiru

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Alhamis, sha biyu ga Yuni, 1975, bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran yayana Malam Attahiru, tsohon akawun gidan waya na Kontagora, bayan jinyar mako uku. Ni ƙaninsa Abdulƙadiri nake wannan rubutu, kwana arba'in da binne shi.

Yaya, mutanen gari sun san ka da alheri. Lokacin yaƙin basasa, matan Kambari da 'ya'yansu ke soja kai suke nema ka rubuta musu wasiƙa, in amsa ta zo ka karanta musu a hankali, wani wurin da yarensu. Akwai ranar da ka hau keke har Beri don wata tsohuwa ta ji ɗanta yana raye, ka dawo ƙafafu a kumbure, kana cewa ai motsa jini ne.

Mu na gida kuwa da adakarka muka san ka. Abokan wasiƙarka na ƙasashen waje suna aiko maka da ambulan masu kan sarki na kumbo da na mutanen da suka sauka a wata, kowace da hatimin ranar da aka buga ta. Ba ka taɓa ɓamɓare kan sarkin ba, ka ce da ambulan ɗin yake da daraja. Na sha tsokanarka, ina cewa mutumin da ko Ikko bai taɓa zuwa ba, me ya haɗa shi da wata? Sai ka yi murmushi ka ce in wanke hannu in zo in gani. Ban cika zuwa ba, Yaya, kuma yau abin yana cina.

Da aka zauna rabon gado, dattawa suka ce a ƙirga ambulan ɗin a raba, namiji biyu mace ɗaya. Na roƙa kada a wargaza, domin in an raba, a ƙunshin daddawa za su ƙare. Aka yarda a sayar gaba ɗaya, marayunka, Mahmudu da Ruka, su amfana. Malam Irmiya, malamin makarantar da kuke hira da shi, ya samo mai saye a Kaduna. Sharaɗinsa ɗaya: a goge rubutun fensirin da ke bayansu, wai yana rage musu daraja.

Sai ranar na juya su. Ashe kowace ta iso, kana rubuta abin da ya faru a gidanmu da ajami. “Yau Ruka ta fara tafiya.” “Yau Inna ta ci tuwo bayan zazzaɓi.” Iyatu matarka ta ce in karanta mata duka, na karanta. Na kwafe su a littafi, sannan na ɗauki robar gogewa. Wallahi littafin nan rubutuna ne kawai, ba naka ba.

Ambulan ta ƙarshe mai hoton wani mutum tsaye a kan wata ce. A bayanta ka rubuta: “Yau Abdulƙadiri ya dawo daga yaƙi. Ban gaya masa ban yi barcin kirki ba shekara biyu.”

Na so in ɓoye ta a aljihu. Amma dukiyar marayu ce, kuma kai ka koya mini wasiƙar wani ba a riƙe ta. Na goge, Yaya. Da hannuna na goge, ka yafe mini. Ina kewarka fiye da yadda bakina zai iya faɗa.

Ina miƙa ta'aziyya ga Iyatu, da Mahmudu, da Ruka, da dukkan dangi. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka. Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya ba ka littafinka a hannun dama, Ya haɗa fuskokinmu a Aljanna. Amin.