Tandun da Bai Ji Damina Ba

Kawuna mai yin tandu ne a wani ƙauye da ke kan tudun duwatsu tsakanin Buza da Keita, kuma a hannunsa na koyi sana'ar. Yaran yanzu da suka tashi suka tarar da gwangwani da kwalba ba su san tandu ba, to bari in faɗa musu. Ana jiƙa ɗanyar fatar shanu ko ta raƙumi, a cire gashin, a kankare ta, a daka abin da aka kankaro a turmi har ya yi laushi kamar tuwo. Sai a gina siffar ɗan tulu da yumɓu, a yi ta shafa dakakkiyar fatar a kai, shafi bisa shafi. In ta bushe a farfasa yumɓun da ke ciki, a zazzage shi ta baki. Abin da ya rage shi ne tandu, ga tauri ga rashin nauyi, a zuba man shanu ko zuma a rataya wa jaki.

A wurinmu mai koyo ba ya zama mai sana'a don kawai hannunsa ya faɗa. Sai ranar da maigidansa ya ɗaga aikinsa a kasuwa, gaban masu saye, ya ce wannan na wane ne. Kafin wannan rana duk abin da ka yi na maigida ne, zanensa ake sa wa kayan da kakin zuma da jan karan dafi, sunansa ake kira. Wanda ya yi zuciya ya tafi ba a sallame shi ba, ko ya kafa rumfa ba mai tsayawa, don za a ce ya gudo da sana'a ɗanya. Ni kuwa na yi gemu, na yi aure, sa'o'ina da ke ƙira da jima duk an sallame su, ina nan ina jiran kalma ɗaya daga bakin tsoho. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Abin yana ci mini rai ƙwarai, kuma fuskata ba ta iya ɓoye shi.

Kawu mutum ne mai ji da kansa, kuma yana da dalili, don a duk yankin ba a haɗa tandunsa da na kowa. Magana ba ta dame shi ba. In aiki ya yi kyau sai ya yi shiru, in bai yi ba sai ya ƙwanƙwasa shi da yatsa ya turo maka. Mahaifiyata, wadda take ƙanwarsa, takan ce taurin kaina a wurinsa na gado shi, shi ya sa ba ma shan inuwa ɗaya.

Tandu yana da aibi guda, wato damina. Da iska ta yi laima sai ya saki jiki, gindinsa ya lotsa, ya fara wari, man da ke ciki ya ɗauki warin. Kowa ya san haka, an kuma ɗauka halinsa ne. A shekarun da Turawa ke yaƙinsu can ƙasarsu, gwangwani da kwalba suka ɓace daga kasuwa, masu man shanu suka dogara ga tandu kaɗai, ga shi kuma da damina ne nono ya fi yawa. Akwai wata dattijuwar Buzuwa mai kawo man shanu kasuwar Buza, wadda ta daɗe tana saye a wurin kawu. Wata rana ta dube shi tana dariya ta ce, "Mai tandu, kayanka ragon jaki na. Rani shina aiki, ruwa na sauka shi kwanta."

Kawu ya ce, "Haka munka gaje shi. Hwata ta, ba ƙarhe ba."

Shi ya manta da maganar kafin mu naɗe tabarma. Ni ta tsaya mini a wuya. Na shiga gina ƴan ƙananan siffofi kamar dunƙulen hannu a bayan rumbu, ina gwaji da ragowar fata. Na narka ƙaro na shafa, ya yi ƙyalli har na fara washe baki, ruwan farko ya wanke shi tas. Na gwada madarar tumfafiya, man ya yi ɗaci, matata ta zubar da shi ta yi mini kallon da har yau ina tunawa. Na zuba ruwan bagaruwa a cikin dakan, sai shafin ya ƙi kama juna, yana ɓarewa kamar albasa. Ran nan kawu ya leƙo ya ga tukwane na hayaƙi.

"Gidan ga ya koma na boka? Mi kaka dahwawa?"

Na ce, "Gwadawa nika yi, Kawu."

"Gwada. Amma hwatata ba ta banza ba ta."

Bai hana ni ba, bai kuma sake tambaya ba. Da ya zage ni ma da ya fi mini sauƙi.

A cikin kwarin da ke ƙasa da ƙauyenmu akwai itatuwan gamji, waɗanda ake tatsar madararsu a dafa ta zama danko na kama tsuntsu. Na tatso, na dafa, na shafe bayan wani ɗan tandu da shi. Ruwa ya zuba a kai ya gangare bai shiga ba, na ce yau na gama. Da rana ta buɗe sai dankon ya narke, ya kwashi yashi da ƙaiƙayi da ƙudaje. Haushi ya kama ni na yi jifa da shi, ya faɗa cikin turmin da ke da sauran daka. Washegari na zo in ɓamɓare fatar da ta manne masa, ta ƙi fita ko da wuƙa. A nan na gane cewa wurin danko a tsakiya yake: fata a ciki, danko siriri, fata a waje, sannan a rataya a hayaƙi.

Ganewa daban, iyawa daban. In dankon ya yi kauri shafin sai ya zame, in ya yi kaɗan ba ya tsare komai. Na ɓata fata ba kaɗan ba, damina ta wuce wata ta zo, kafin na sami babban tandu guda da na yarda da shi. Kawu ya ɗauke shi, ya ƙwanƙwasa, ya yi shiru. Ya sa masa zanensa kamar yadda yake sa wa kowane, ya jefa shi cikin kayan kasuwa. Buzuwar nan ce ta saye shi. Na haɗiye abin da na haɗiye.

Da kaka, an yanke gero kasuwa ta cika, sai ga ta da tandun a hannu. Ta tsaya gaban tabarmarmu tana buga shi da zobenta don kowa ya ji ƙararsa. Ta ce, "Wanga bai ji damina ba. Matan rugarmu duka sun ce in sayo musu irinai. Tsoho, ashe kana da dabara ka ɓoye muna?"

Mutane suka taru. Ina tsugune a bayan kawu. Na riga na yanke wa kaina cewa in ya karɓi wannan yabon ma, zan bar sana'ar in tafi garin Madawa in yi dako, kome za a ce a ce.

Kawu ya karɓi tandun ya daɗe yana juya shi. Sannan ya ɗaga shi sama ya ce, "Zanen nawa na. Aikin ba nawa ba na. Ɗan ƙanwata yay yi shi, ga shi nan."

Wannan ya isa, iyakar abin da al'ada ta nema ke nan. Amma bai sauke hannu ba.

"Ni ban iya shi ba. Na gane shi shina yi, nay yi mai dariya. Wanda duk ka son tandun damina shi tahi wurinai. Nawa na rani na."

Buzuwar ta ja mayafi ta rufe baki. Na yi shekaru ina mafarkin wannan rana, ina zaton zan yi tsalle don murna. Abin da na ji kunya ce da tausayi, har na kasa ɗaga kai. Tun da na buɗe ido ban taɓa jin mutumin nan ya ce bai iya wani abu ba.

Mutane kuwa suka bi maganarsa kamar yadda suka saba bi. Na shimfiɗa tabarmata kusa da tasa, masu saye su gaishe shi da girmamawa su wuce wurina. Kayansa suka riƙa komawa gida yadda suka zo. Bai taɓa yin ƙorafi ba, ni kuma ban san yadda zan buɗe masa zancen ba.

Wata safiya na ɗauki wuƙa da ƙwarya na nufi kwari, sai na ji ƙarar sanda a bayana. Kawu ne, yana sauka kan duwatsu a hankali. Ya ce, "Mu tahi, in ga yadda aka tatsar abin ga."

A gindin gamjin na tsaga ɓawo, madara ta fara fitowa. Ya jingine sandarsa ya karɓi ƙwaryar daga hannuna, ya tara da hannu biyu. Amma ya riƙe ta nesa da jikin itacen, madarar na bin ɓawo tana wuce bakin ƙwarya. Bai dube ni ba ya ce, "Haka na?"

Na so in ce ya matsa da ita, sai na fasa. Na ce, "Haka na, Kawu." Na tsaya ina kallon madarar tana zuba cikin yashi.